Jarfa a Ƙwauri

A wannan fitowa muna so mu yi shawara da ku a kan wani al'amari da ya fara yaɗuwa a tsakanin samarinmu, har da 'yan mata kaɗan, alhali iyaye da yawa ba su san ya shigo gidajensu ba. Shi ne zanen nan da ake yi wa jiki da allura da tawada, wanda ba ya fita sai dai a shiga kabari da shi. Larabawa suna ce da shi washmu, yaran zamani suna ce da shi tatu, mu kuwa tun kaka da kakanni jarfa muka san sunansa. Abin da ya sa muka ware ƙwauri muka sa shi a kan magana, domin nan ne yaranmu suka fi zaɓa, kuma ba a banza suka zaɓe shi ba. Jallabiya tana sauka har idon sawu, saboda haka uba ba ya gani, liman ba ya gani, maigidan da ake yi wa aiki ba ya gani. Amma da an fita filin ƙwallo an sa gajeren wando, sai abokai su gani su yaba. Watau yaro ya sami wurin da zai ɓoye wa na gaba, ya nuna wa tsara.

Ba mu ɗauko maganan nan don mu tona asirin ɗan kowa ba. Iyaye mata ne biyu uku suka kawo kuka ga ƙungiya, kowacce ta ga abin a ƙafar ɗanta bayan aikin gama ya gama, ɗaya ma sai da ƙafar ta kumbura ta fara ruwa sa'an nan yaron ya faɗi gaskiya. Da muka zauna da samarin sai muka tarar suna da hujjarsu, kuma ba ta wasa ba ce. Suka ce da mu, "Baba, ai wanzami ne ba ya son jarfa. Kakanmu da ya zo ƙasan nan da ƙafa yana da tsagar Gobirawa tun daga baki har kunne, kakarmu tana da 'yan baka da zane a wuya, ba wanda ya ce sun yi laifi. Don me namu ya zama abin faɗa?" To, wannan tambaya ta cancanci amsa, tsawa kuwa ba ta amsa tambaya.

Gaskiya ne, iyayenmu sun zo Hijaz da tsaga a fuska. Tun bayan da Turawa suka ci ƙasar Hausa, aka yi yaƙin Burmi a 1903 inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, jama'a suka yi ta kwarara gabas, waɗansu don hijira, waɗansu don sauke farali. Sukan bi ta Barno, su ratsa Wadai da Darfur, su tsaya a Sudan su yi ƙodago shekara da shekaru su tara guzuri, sa'an nan su shiga jirgin ruwa daga Sawakin ko Fot Sudan, su ƙetare Bahar Maliya su sauka Jidda. Waɗansu ba su koma ba, su ne tushenmu. A wancan zamani, in baƙo ya shigo Hindawiyya da ƙullin kayansa, kafin ya buɗe baki dattijo ya riga ya karanta fuskarsa: wannan Bagobiri ne, wannan Babarbare, wancan Bazamfare. Nan take sai a ce a kai shi gidan wane, mutumin ƙasarsu ne. Tsaga ita ce fasfon wancan lokaci. A gida kuwa amfaninta ya fi haka, gama zamanin yaƙi ne da kamun bayi, yaron da aka sace yana ɗan shekara biyar akan gane shi da tsagarsa ko bayan ya yi gemu. Ranar suna wanzami ke yin ta, jariri yana da kwana bakwai, ba a nemi yardarsa ba. Jarfa kuwa galibi ta 'yan mata ce, don ado. Wanzami ya tsattsaga fata da bakin aska, ya shafa baƙin tukunya ko garin gawayi, in wurin ya warke sai zanen ya zauna.

Ba mu kaɗai ba ne kuma. Baturen nan ɗan yawon duniya, Richard Burton, wanda ya yi shigar Musulmi ya shiga Makka a 1853, ya ba da labari ya ga mutanen Makka da tsaga uku-uku a kowane kunci, suna kiranta mashali. Mutanen Sudan suna da tasu, shulukh. Matan Larabawan ƙauye suna da shuɗin zane a haɓa. In ma tsufan al'ada ake nema, a 1991 an tsinci gawar wani mutum a cikin ƙanƙara a duwatsun Alps, kan iyakar Italiya da Ostiriya, wanda ya mutu fiye da shekara 5,000 da suka wuce, sanyi ya hana shi ruɓewa. Masana suka ƙidaya zane 61 a jikinsa, da baƙin hayaƙi aka yi su, da yawa daga ciki a ƙwauri da idon sawu da gwiwa. Da suka duba ƙasusuwansa sai suka ga zanen ya faɗa a gaɓoɓin da suka sha ciwo, don haka waɗansunsu suna jin magani aka yi masa, kamar dai yadda wanzaminmu kan tsaga gwiwar da ta kumbura.

Amma ga abin da samarinmu suka tsallake. Waɗanda suka zo da tsagan nan su ne da kansu suka ajiye ta. Kowa ya duba gidansu ya ƙidaya, a cikin waɗanda aka haifa a Hindawiyya da Karantina da Sabil, mutum nawa ne ke da bille ko kalangu ko fashin goshi? Dattijon da ke da tsaga goma sha a fuska shi ne ya ce da wanzami ranar sunan ɗansa, "Yi masa aski kawai, ka bar masa fuskarsa." Ilmi ya yawaita, malamai suka yi wa'azi, kamun bayi ya ƙare, takarda ta maye gurbin aska. Mutanen Makka sun bar mashalinsu. A Nijeriya ma, dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta hana a yi wa yaro tsaga ko jarfa, ta sa tara ko ɗauri a kan wanda ya yi. Saboda haka wanda ya kafa hujja da kakansa, ya kafa ta ne da kayan da kakan ya sauke da hannunsa tun tuni.

In za a faɗi gaskiya, jarfar yau daga talabijin da wayar hannu ta shigo mana, ta ƙofar ƙwallon ƙafa. Yaranmu sun tashi suna ganin ƙafar hagun Messi a rine baƙi ƙirin. A 2023 kuma manyan 'yan wasan Turai da Barazil suka cika ƙungiyoyin ƙasan nan, har da Ittihad da Ahli na nan Jidda, da yawansu jikinsu kamar allon makaranta. Ba mu zarge su ba, al'adar ƙasashensu ce, suna da likitoci a bayansu, suna da kuɗin da za su je wurin da ake tsabta. Amma tun da ƙwallo ake koyi da ita, sai mu tuna wa samari cewa a gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha, mutum uku masu sunan Hausawi ne a cikin 'yan wasan Saudiyya, Usama da Umar da Mu'utaz, Usama ma shi ne kyaftin. Mu tuna musu da Muhammad Nur, wanda ya yi shekaru yana jan Ittihad. Duk wanda ya san waɗannan, da aikin ƙafarsu ya san su.

Yanzu bari mu bayyana yadda ake yin abin, domin da yawa sun miƙa ƙafa ba su san abin da allura ke yi a ciki ba. Injin da ake aiki da shi wani Ba'amurke ne, Samuel O'Reilly, ya yi rajistarsa a birnin Niyok a 1891. Fatar mutum hawa-hawa ce. Ta sama kullum tana saɓewa tana sabuntawa, cikin wata guda ko makamancin haka ta sake, shi ya sa lalle ke fita. Allurar injin nan wuce ta sama take yi, ta nutsa kamar milimita ɗaya zuwa biyu, ta kai hawa na biyu inda jini da jijiyoyi suke, ta ajiye tawada a can. Kafin a ƙifta ido ta huda fata sau da yawa, zane mai faɗin tafin hannu kuwa huda dubbai ke nan. Jiki da ya ji baƙon abu sai ya aiko da ƙwayoyinsa masu tsaro su haɗiye tawadar, amma ta fi ƙarfinsu, sai su zauna da ita a wurin har abada. Wani abu daga cikinta yakan gangara har cikin kaluluwar matsematsi ya rine ta. Ashe ke nan sabuwar jarfa buɗaɗɗen rauni ce mai launi. Ita tawadar ma abin tambaya ce. A 2022 ƙasashen Tarayyar Turai sun hana sa dubban sinadarai a cikinta, saboda waɗansu suna ƙona fata, waɗansu ana tsoron suna jawo ciwon daji. Wanda ya shiga ɗakin wani a ɓoye, wa ya gaya masa abin da ke cikin kwalbar?

Ƙwauri kuwa, a cikin jiki duka, yana daga wuraren da rauni ya fi wuyar warkewa. Ya yi nisa da zuciya, jinin da ya sauka can sai ya yi hawan tudu kafin ya koma, don haka ƙafa takan kumbura, musamman ga mai aikin tsayuwa, ɗan dako ko mai gadi ko mai jiran kanti. A gaban ƙwauri fata ce kawai a kan ƙashi, ba tsoka, shi ya sa zafin allura a nan yana daga cikin mafi tsanani, haka nan idon sawu. Ƙafa ita ce kusa da ƙura da ruwan kwata. Ga zafin Jidda da gumin da ba ya bushewa, ga wando yana goga, ga safa tana matsewa. Raunin da zai kame cikin mako biyu zuwa huɗu a wurin mai lafiya, yana iya zama wani abu dabam a wurin mai ciwon sukari, wanda jininsa ba ya zagaya ƙafa sosai. Wanda ya fi ba mu tsoro shi ne mai sikila, watau amosanin jini. Ciwon nan yana da yawa a cikin jinsinmu, a Nijeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da irinsa ko da shi bai yi ciwon ba. Wanda ke da ciwon sosai, ɗan ƙujewa kaɗan a kusa da idon sawu yakan zama gyambo ya yi wata da watanni, wani har shekaru, ana wanki ana ɗauri. Mai irin wannan jini ya kai ƙwaurinsa a yi masa huda dubu, ya sayi gyambo da kuɗinsa.

Akwai kuma wanda ido ba ya gani. A ƙasan nan baladiyya ba ta yarda a yi jarfa a shagon aski ko gidan kwalliyar mata ba, saboda haka masu yi a ɓoye suke yi, a ɗakin haya, ana samunsu ta waya. Inda hukuma ba ta shiga, ba mai duba ko an sake allura, ko an dafa kayan aiki, ko tawadar da aka tsoma allurar wani a ciki ita aka zuba wa na bayansa. Ta wannan hanya ciwon hanta iri biyu, wanda likitoci ke kira B da C, da kuma ƙanjamau, suke ƙetarawa daga jini zuwa jini. Ƙwayar ciwon hanta na B tana iya yin kwana bakwai a raye a kan busasshen ƙarfe. Birnin Niyok kansa, inda aka ƙago injin, ya hana sana'ar daga 1961 har 1997, dalilin da hukumar lafiyarsu ta bayar kuwa shi ne ɓarkewar ciwon hanta. Mugun halin ciwon shi ne yakan yi shekaru shiru. Yaro yana wasansa lafiya lau, sai ranar da ya je gwajin jini. Tun 2004 aka wajabta wa 'yan ƙasa gwaji kafin aure saboda sikila da 'yar'uwarta, a 2008 aka ƙara ciwon hanta da ƙanjamau a ciki. Baƙon da ke neman izinin aiki ma ana gwada jininsa a kan ciwon hanta da ƙanjamau. Ku duba fa, zanen awa biyu ya tsaya wa mutum a ƙofar aure, ko ya raba shi da hanyar abincinsa. Da na sani ƙeya ce.

Ta wajen addini kuwa, maganar ba ta da duhu. Ya tabbata a cikin Buhari da Muslim, ta hanyar Abdullahi ɗan Mas'ud da Abdullahi ɗan Umar, Allah ya yarda da su, cewa an la'anci mai yin jarfa da wadda ta nemi a yi mata, malamai kuma sun ce namiji da mace duk ɗaya ne a wannan hukunci. Dalili shi ne canza halittar Allah ba da lalura ba, abin da Alƙur'ani ya yi gargaɗi a kansa a cikin Suratun Nisa'i. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda iyayenmu suka karanta a zaure tun suna yara, ta kawo hanin a can wajen ƙarshenta. Sai dai a lura da abu biyu. Na ɗaya, wanda aka yi wa tsaga yana jariri ba shi da laifi, ba shi ya sa a yi ba, saboda haka kada yaro ya dubi fuskar kakansa da reni. Na biyu, ƙaho da tsagar magani ba su shiga wannan hani ba, domin neman lafiya ne. Muna kuma tuna wa samari, jallabiya tana rufe ƙwauri a kasuwa, amma ranar da aka ɗaura harami za a shiga ɗawafi, ko aka naɗe wando a wurin alwala, ƙwauri a fili yake.

To, wanda ya riga ya yi fa? Nan ne muke roƙon iyaye su sassauta. Mun ji ana cewa wai mai jarfa ba shi da alwala, ba shi da salla, har wani yaro ya daina zuwa masallaci saboda wannan magana. Tawadar tana ƙarƙashin fata, ba ta tare ruwa. Malam Nafarawi, mai sharhin Risala, ya bayyana cewa ba a tilasta wa mai ita ya ƙone ta da wuta, kuma sallarsa ta inganta. Malaman Shafi'iyya sun fi tsanantawa a kan a cire, amma su ma sun ce in cirewar za ta cutar a bar ta, tuba ta wadatar. Saboda haka kada a kori yaro daga gida, kada a raba shi da sahu. Kada kuma tsoron uba ya sa shi ɗaukar reza, ko ruwan batir, ko dutsen guga, ya ce zai goge da kansa. Tawadar ta fi nan zurfi, abin da zai samu shi ne ƙuna a kan zane.

In jarfar sabuwa ce, a wanke ta da ruwa mai tsabta da sabulu marar ƙamshi, a bar ta ta sha iska, kada a sosa, kada a ɓamɓare ɓawon, kada a shiga teku ko a jiƙa ta sai ta kame, in an zauna a ɗaga ƙafar bisa matashi. Amma in aka ga jan yana faɗaɗa maimakon ya ragu, ko wurin ya ɗauki zafi yana fid da mugunya, ko wani jan layi ya miƙe yana hawa cinya, ko kaluluwa ta fito da zazzaɓi, to, a tafi asibiti a ranar, kada a kwana. Mun san akwai waɗanda ke jin nauyin zuwa asibiti saboda takardunsu ba su cika ba, ko saboda kuɗi. Irin waɗannan su zo wurin dattawan ƙungiya a asirce, a san yadda za a yi, gama ƙafa ba ta da madadi. Duk wanda aka yi masa a irin ɗakunan nan kuma, ko da ya warke sumul, ya je a gwada jininsa bayan 'yan watanni. Ciwon hanta na C yanzu yana da magani, ƙwayoyi ne na wata biyu zuwa uku, yawanci kuma ana rabuwa da shi. Na B yana da allurar rigakafi, wanda bai yi ba ya yi.

Mai son ya cire, hanyar da likitocin fata ke bi ita ce hasken leza. Hasken yana farfasa tawada ta zama gari, jiki ya kwashe a hankali. Ba a gamawa a zama ɗaya. Sau shida ne, sau goma, wani ma fiye, tsakanin zama da zama mako shida zuwa takwas, watau shekara guda ko sama da haka ana jeka-ka-dawo, kuɗin kuwa ya ninka na yin zanen sau da yawa. Na ƙwauri ya fi na kafaɗa jinkirin fita, saboda wancan dalili na nisa da zuciya. Baƙar tawada ta fi saurin tafiya, kore da rawaya suna da taurin kai. Mu baƙaƙen fata kuma muna da namu ƙarin: hasken yana iya cin launin fatar ya bar fari-fari a wurin, kuma jikinmu ya fi na sauran jinsi saurin yin tabon nan mai tasowa kamar tsiro. Don haka wanda zai cire ya nemi likitan fata na sosai, wanda ya saba da irin fatarmu.

Mata kuwa, Allah ya hutar da ku, kuna da lalle. Ƙunshi ado ne halal, ya yi wa ƙafa kyau mako biyu ko uku ya tafi, a sake wani fure dabam. Sai dai muna jan kunne a kan baƙin nan da ake kira dayis. Lalle na gaskiya ja ne, ba ya yin baƙi ƙirin cikin rabin awa. Abin da ke sa shi haka wani sinadarin rinin gashi ne da ake kira PPD, wanda ba a yi shi don fata ba. Waɗansu sukan yi shekaru suna sawa ba abin da ya same su, waɗansu kuwa bayan 'yan kwanaki ƙafa ta yi bororo daidai siffar furen, in ya warke ya bar tabo, kuma daga ranar jikinsu ba ya ƙara shiri da rinin gashi. Amaryar da za a kai ɗaki ranar Juma'a, kada a gwada mata abin da ba a taɓa sa mata ba ranar Laraba. Jarirai kuma a bar su ba lalle, ko ja ko baƙi.

Saura magana ɗaya, ita ce ta fi taɓa mu. A cikin samarin da muka zauna da su, akwai wanda zanensa ba zaki ba ne, ba kambi ba, sunan unguwa ne ya sa aka rubuta masa da Larabci, Hindawiyya. Kowa ya san daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 hukuma ta rushe tsofaffin unguwannin Jidda da yawa, tamu tana ciki. Gidan da aka haifi yaro babu, lungun da ya koyi ƙwallo babu, maƙwabta sun watse, waɗansu kudu, waɗansu gabas, waɗansu sun koma gida Nijeriya da Nijar. Ya ce da mu yana so ya riƙe wani abu da katafila ba za ta ture ba. Wannan magana ta yi mana nauyi, kuma ta nuna abin da yaran ke nema shi ne abin da tsaga ta ba kakanninsu, watau a dube su a san 'ya'yan wane ne, daga ina suke. Bukatar gaskiya ce. Amma Hindawiyyar da muka sani mutane ce. Ita ce a yi rasuwa a ga layi ya cika kafin a gama wanka, a yi suna a ga kwanon kowane gida, baƙo ya sauka ba shi da kowa ya kwana da tuwo a cikinsa. Yaron da ya iya gaida dattijo da Hausa, ya san sunan garin kakansa, ya san gidajen da maƙwabtansu suka koma yana zuwa gaishe su, wannan yana ɗauke da unguwa duk inda ya sa ƙafa. Wanda ya rubuta sunanta a sha-raɓa, amma in an ce masa "Ina gajiya?" sai ya amsa da Larabci, me ya riƙe?

Saboda haka muna roƙon iyaye maza, ku riƙa zama da 'ya'yanku kuna ba su labarin hanyar da aka biyo aka zo nan, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yaron da aka gaya wa asalinsa ba ya zuwa neman sa a bakin allura. Iyaye mata, in kun ga ɗa ya fara ɗingishi, ko ya daina naɗe wando a gabanku, ku tambaya da lalama. Samari kuwa, ga shawararmu. Duk wanda zuciyarsa ta raya masa ya yi, ya dakata wata shida, ya sami babba guda ɗaya da ya amince da shi ya gaya masa, ya kuma je ya tambayi wanda ya yi nasa shekara biyar da suka wuce ko har yanzu yana son sa. Rigar da ka ɗinka kana ɗan shekara goma sha takwas, in ta ishe ka sai ka tuɓe ka ba ƙanenka. Wannan kuwa da ita za ka je neman aure, da ita za ka kai ɗanka makaranta, da ita za a yi maka wanka na ƙarshe.

A taron wata mai zuwa za mu ware lokaci don wannan magana, muna so samari su zo da yawa, su faɗi tasu a saurare su. Wanda ke da abin cewa bai sami zuwa ba, ya rubuto, za mu buga ba tare da sunansa ba in ya so. Allah ya shirya mana zuriya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya haɗa kanmu duk inda muka watsu. Haza wasalam.